Gaskiya ko Jita-jita: Gasar Rukuni na Biyu Daga Bakin Kumadugu

A fadojin samari na Diffa da Tumur da Geskeru, in aka ɗora shayi aka buɗe hirar ƙwallo, Real Madrid da Barcelona ne ke cinye tafasar farko da ta biyu. Sai an zo ta uku wani zai tuna akwai gasa a gida. Nan ma Super Ligue ake nufi, rukunin farko na Nijar. Wadda ke ƙarƙashinta, Ligue Nationale, inda ƙananan ƙungiyoyi ke fafutukar hawa sama, ba kowa ke sanin ranar da ta fara ba, balle ranar da ta ƙare. Duk da haka kowa na da hukuncinsa a kanta. Wannan ya ce wasan yara ne, wancan ya ce alƙalai ke sayar da ita, na gefe ya ce malamai sun gama buga wasan tun daren jajibiri.

Kafin a auna waɗannan maganganu sai an samu kakar wasa da aka san farkonta da ƙarshenta, kuma akwai ɗaya kusa, a tsallaken kogi. Daga Diffa, in aka bi ta Damasak, Maiduguri ba ta kai kilomita 250 ba. Damagaram ta kusa ninka haka, Yamai kuwa tana can wajen kilomita 1,360. Ƙungiyar Maiduguri, El-Kanemi Warriors, ta yi kakar 2023/2024 a rukuni na biyu na Najeriya, gasar da ake kira NNL. Da wannan kaka za mu yi awo, mu haɗa da tarihin gasar Nijar kanta.

"Rukuni na biyu ai ƙwallon unguwa ne"

El-Kanemi ta faɗo daga rukunin farko a 2023, tare da Nasarawa United da Wikki Tourists ta Bauchi da Dakkada. Shekara guda bayan haka, ranar 29 ga Yuni 2024, a Legas, ta hau fili a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, kofin da kowace ƙungiya a ƙasar ke da damar shiga, babba da ƙarama. Abokiyar karawarta Abia Warriors ce, ƴar rukunin farko. El-Kanemi ta doke ta da ci 2 da nema. Rabon Maiduguri da wannan kofi tun 1992, lokacin da ta ɗauke shi shekara biyu a jere. A wannan kaka dai ta sake hawa rukunin farko, kuma mai horar da ita, Aliyu Zubairu, daga nan aka ba shi tawagar Najeriya ta ƴan ƙasa da shekara 20. Ƙwallon unguwa ba ta yin haka.

Su kansu taurarin da ake biyan kuɗi a gidan kallo don a gani, da yawansu ta wannan ƙofa suka shigo. N'Golo Kanté a kakar 2013/2014 a rukuni na biyu na Faransa yake, yana buga wa Caen. Riyad Mahrez ya bar Le Havre, ita ma ta rukuni na biyu, a watan Janairun 2014 ya koma Leicester, wadda a lokacin take rukuni na biyu na Ingila. A 2016 su biyun suka ɗaga kofin Firimiya tare. Sadio Mané ya fara ne a Metz tana rukuni na biyu, har ma ta faɗa na uku yana cikinta.

Sai dai mai wannan magana bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A ƙasashenmu, tazarar da ke tsakanin rukunin farko da na biyu ta fi fitowa a wajen fili: albashin da ke zuwa a makare ko ba ya zuwa, filin da rairayi ya fi ciyawa yawa, rashin likita, rashin kyamara. Wasan da ba a haska ba, a wurin ɗan gidan kallo, ba a buga shi ba. Da ƙafafun yaran aka raina, da jita-jita ce tsagwaronta. In kuwa yadda ake riƙon gasar ake nufi, akwai ƙamshin gaskiya.

"Wanda ya fi maki da ƙwallaye shi ke hawa"

A takarda haka ne. A aikace, kakar 2024 ta Najeriya ta nuna akwai sauran magana. An rufe ta da gasar ƙungiyoyi takwas a Inugu, huɗu daga arewa, huɗu daga kudu, kuma huɗu suka samu tikiti: El-Kanemi, Nasarawa United, Ikorodu City da Beyond Limits. Beyond Limits ce ma ta zo ta ɗaya. Amma da aka buɗe rukunin farko ba a ga Beyond Limits ba. Mai ita shi ne mai Remo Stars, wadda ke rukunin farko tun da, kuma doka ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe ƙungiya biyu a gasa ɗaya ba. Gurbin nata ya koma hannun Heartland ta Owerri, wadda ta faɗo a wannan shekarar. Wadda ta ci ta zauna a ƙasa, wadda ta faɗi ta tsaya a sama, kuma babu dokar da aka taka.

Maki ma ba a fili kaɗai ake samunsa ko rasa shi ba. Kano Pillars, mai kofin gasa huɗu (2008, 2012, 2013 da 2014), ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kuma cikin abubuwan da suka ja ta ƙasa har da makin da hukumar gasa ta zaftare mata saboda tarzoma a filinta. Magoya bayan da ke jifan motar baƙi suna ganin taimakon ƙungiyarsu suke yi. A teburin ƙarshen shekara ake ganin kuɗin da aka biya.

Batun yawan ƙwallaye kuwa, mu ƴan Nijar ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa ba kullum shi ke raba gardama ba, don da wannan muka fara zuwa Kofin Afirka. Ranar 8 ga Oktoba 2011, tawagar ƙasarmu, Mena, ta sha kashi 3 da nema a Alƙahira. A daidai lokacin Afirka ta Kudu ta tashi canjaras babu ci da Saliyo a Nelspruit, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili, suna ganin sun wuce tun da sun fi mu rarar ƙwallaye. Ƙasashen uku kowace na da maki 9. Dokar CAF ta ce in haka ta faru, sakamakon wasannin da suka buga tsakaninsu ake dubawa. Nijar na da 6, su kowace 5. Mai horarwa Harouna Doula da yaransa suka tafi gasar a Gabon, masu rawa suka zauna gida. Abin da ya kamata shugaban kowace ƙungiyar jiha ya yi kafin ya sayi riguna shi ne ya zauna ya karanta dokar gasar ta wannan shekara, saboda tana iya bambanta da ta bara.

"Yaran Yamai sun fi namu iya ƙwallo, shi ya sa kullum su ke ci"

Rabin farko na maganar ne abin tuhuma. Rabi na biyu gaskiya ne ƙwarai, har ya fi yadda masu faɗa suke zato. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar Nijar a 1983. Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Tun daga nan har zuwa 2024, shekara 40 cur, kofin bai sake kwana a wajen Yamai ba. Dan Kassawa ta Maraɗi, Akokana da Urana ta Arlit, duk sun yi zamaninsu a rukunin farko, sun ba manya wahala, amma kofin gasa bai bi su gida ba.

To a dubi sunayen masu cin. A da Sahel da Olympic da Zumunta ne, ƙungiyoyin da suka tsiro daga unguwannin Yamai. Daga 2010 zuwa 2024 kuwa, in ka cire Olympic a 2012, ga jerin: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta gardawan ƙasa, AS Douanes ta ƴan duwan, AS SONIDEP ta kamfanin mai, USGN ta jandarmomi, ASN Nigelec ta kamfanin lantarki. Babu ɗaya a cikinsu da ke rayuwa da kuɗin ƙofa ko karo-karon magoya baya. Kowace na da uba mai kasafin kuɗi, mai mota, mai iya cewa yaro: zo ka buga mana, ga albashi, wataƙila ma ga aiki in ƙafa ta gaji. Yaron da ya yi fice a Maine-Sorowa ko Ngigmi, in aka yi masa wannan tayi, wa zai ce masa kada ya tafi? In ya tafi ya ci kofi, sai a rubuta shi cikin yaran Yamai. Yamai ba ta haifi duk masu buga mata ba, tattara su take yi.

Akwai abin da ke ɗan sosa rai a nan. Man da Nijar ke haƙowa daga Agadem yake fitowa, cikin jihar Diffa. Matatar da aka buɗe a 2011 tana jihar Damagaram. Ƙungiyar ƙwallon da ke ɗauke da sunan mai, wadda ta ci gasa a 2018 da 2019, tana Yamai.

Najeriya ma haka abin yake, da ɗan bambanci: can gwamnatocin jihohi ne iyayen ƙungiyoyi. El-Kanemi ta gwamnatin Borno ce, Pillars ta gwamnatin Kano, Wikki ta gwamnatin Bauchi. Abin da ya sa El-Kanemi ta faɗi ta tashi cikin shekara guda ke nan: faɗuwar ba ta raba ta da mai ciyar da ita ba. Barau FC ta Kano, wadda Sanata Barau Jibrin ya kafa, ba ta daɗe da haihuwa ba ta haye rukunin farko a 2025. A Nijar jiha ba ta da irin wannan aljihu. Hukumomin jiha da na gari na iya ba da tallafi, amma tallafi daban, albashin wata-wata daban.

Sannan ga hanya, wadda a ganina ita ce babbar abokiyar hamayyar duk wata ƙungiya daga gabas. Daga Diffa a bi Maine-Sorowa, Gudumariya, Gure, Damagaram, Maraɗi, Konni, Dogon Dutsi, Dosso, kafin a ga Yamai. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 2,700. A lissafa mutum 25 a mota, da mai, da abinci, da wurin kwana. A lissafa kuma abin da zaman mota na yini da dare ke yi wa cinyar ɗan wasa, musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Yaron Tumur kuma sai ya ƙara wajen kilomita 75 kafin ma ya iso inda motar za ta tashi. Ƙungiyar Yamai in za ta yi wasan waje da wata ta Yamai, unguwa kawai take sakewa, wani lokaci ma filin ɗaya ne, na Janar Seyni Kountché. A teburin gasa duka biyun "wasan waje" ake rubutawa, maki uku ne a kan kowanne.

Saboda irin wannan ne ƙasashe masu faɗi ke raba gasa shiyya-shiyya. NNL a rabe take, arewa daban kudu daban, sai a ƙarshe zakaru su haɗu wuri ɗaya. Ita ma gasar rukunin farko ta Nijar ta taɓa gudana a rukuni-rukuni kafin a haɗa na gaba-gaba su fitar da gwani. Wannan na rage kuɗin mai. Ba ya sauke Diffa daga ƙarshen taswira.

"Tun da rikici ya zo, an daina wasa a nan"

Ba wanda zai raina abin da ya faru. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawa babur, aka sa dokar hana fitar dare, aka tsayar da cinikin tattasai da kifi na wani lokaci. Kowanne daga cikin waɗannan ya taɓa ƙwallo kai tsaye. Babur ne ke kawo ɗan wasa daga ƙauye zuwa atisaye ya mai da shi kafin magariba. Alhazan tattasai da na banda su ne masu sayen riguna da ƙwallo, su ne ake zuwa wa da takardar neman taimako in tafiya ta taso. Da kasuwarsu ta tsaya, aljihun ƙwallo ya bushe tare da ita. Tumur kanta ta ga abin da ya fi haka: a daren 12 ga Disamba 2020, jajibirin zaɓen ƙananan hukumomi, maharan sun kashe mutum aƙalla 27, suka ƙona ɗaruruwan gidaje da kasuwar garin.

Amma "an daina" ta yi yawa. El-Kanemi ta yi shekaru tana karɓar baƙinta a aron fili, a Kano da Katsina, saboda ba a yarda a buga a Maiduguri ba. Ba ta mutu ba, ta koma gida a 2016, kuma filinta ya zama wurin da baƙi ke shakkar zuwa saboda cikar ƴan kallo. A ɓangarenmu, Diffa ta karɓi bikin 18 ga Disamba na 2021, Diffa N'Glaa, bayan an ɗage shi shekara guda. A ƙarshen 2022 kuma ta karɓi gasar kokawa ta ƙasa, inda Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ɗan jihar Dosso, ya sake ɗaukar takobi. Ƴan kokawa daga jihohi takwas, da makaɗa da maroƙa da ƴan kallo, sun kwana sun tashi a Diffa har aka gama lafiya.

Kokawar nan tana da abin koyarwa. Tun 1975 da aka fara ta a Tawa, gasar takobi zagayawa take jiha-jiha, kowace jiha na kawo mutum goma, kuma hukuma ce ke ɗaukar nauyi. Ɗan kokawar Diffa ba ya bukatar wani kamfani ya tsaya masa kafin ya shiga fili da na Yamai, kuma wata shekarar shi ne mai masauki. Shi ya sa takobi ke yawo tsakanin jihohi, kofin ƙwallo kuwa ya yi zaune wuri ɗaya. Bambancin na tsari ne, ba na jinin mutanen ba.

"Ba a cin mai gida, don alƙali nasa ne"

Wannan ita ce maganar da na fi jin nauyin musantawa, saboda tana da shaidu. Kano Pillars ta yi wajen shekara 12 ba a doke ta a gida a wasan gasa ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya abin. A shekarun nan guda kuwa, in ta fita waje, cin wasa kan yi mata wuya ƙwarai. Ƙungiya ɗaya, ƴan wasa ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin da ba shi da katanga tsakanin ƴan kallo da mai tuta ya san yadda fanareti ke fitowa a minti na 90. Alƙalin da ke tunanin ta inda zai fita bayan ya busa tashi ba sai an ba shi ko dala ba.

Cuwa-cuwa ta gaske ma akwai ta, kuma ta fi yawa a daidai ƙofar hawa. A watan Yulin 2013, a Bauchi, a wasannin neman hawa na can ƙasa da rukuni na biyu, ƙungiyoyi biyu sun zo wasan ƙarshe da maki ɗaya, rarar ƙwallaye ce za ta raba su. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema. Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Kafin hutun rabin lokaci, ci 7 ne a wasa ɗaya, 6 a ɗayan. Wato a minti 45 na biyu an zura 72 a nan, 61 a can, kowane fili na sauraron labarin ɗayan. Hukumar ƙwallon Najeriya ta haramta wa ƴan wasa da jami'an da abin ya shafa ƙwallo har abada. A lura, a nan ba alƙali kaɗai aka saya ba, abokan karawar ne suka buɗe ƙofa.

Duk da haka ba kowace nasarar gida ce ta kuɗi ba. Mena a waccan tafiya ta 2012 ta ci wasanninta uku na Yamai duka, Masar 1 da nema, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1, ta kuma faɗi uku na waje duka, kuma alƙalan daga wasu ƙasashe CAF ta turo su. Zafin Yamai, filin da aka saba da shi, da ihun jama'a sun isa. A 2020, da annobar korona ta sa aka buga wasannin Turai babu ƴan kallo, masu bincike sun ga rinjayen mai gida ya ragu, kuma alƙalai sun rage ba baƙi kati. Ashe ko a inda albashin alƙali ke da tsoka, ihu na shiga kunnensa. A namu filayen sai a ƙara da baƙon da ya sauko daga mota jiya da dare ƙafa a kumbure. Hukuncina: gaskiya ne mai gida na da rinjaye mai yawa, gaskiya ne akwai wasannin da ake sayarwa, amma ɗora kowace faɗuwa a kan alƙali hanya ce mai sauƙi ta kauce wa tambayar ko an yi atisaye.

"Sai da asiri"

Ana yi, wannan ba jita-jita ba ce. Ana binne abu a raga, ana ƙin bi ta ƙofar da mai gida ya nuna, ana tsallake katanga. A Kofin Afirka na 2002 a Mali, ƴan sanda sun kama Thomas Nkono, mai horar da masu tsaron ragar Kamaru, kafin wasan kusa da na ƙarshe, bisa zargin ya jefa laya a fili. An fitar da shi da ankwa, Kamaru ta ci Mali 3 da nema. A Ruwanda a 2016 sai da hukumar ƙwallo ta sa tara a kan masu irin wannan aiki. Ko yana ci? Ƙungiyoyi biyu ne a fili, kowace da malaminta, kuma a Nijar shekara 40 malaman masu albashi ne kaɗai addu'arsu ke karɓuwa. Kuɗin da shugaban ƙungiya ke warewa "na aiki" a daren wasa, sau da yawa shi ne kuɗin da ya kamata ya zama abincin yaran.

"In dai aka hau, an huta"

Ƙungiyoyi huɗu suka hau rukunin farko na Najeriya a 2023: Kano Pillars, Katsina United, Heartland da Sporting Lagos. Kafin shekara ta zagayo biyu sun koma inda suka fito, Heartland da Sporting Lagos, alhali Heartland ce ta zo ta ɗaya a gasar hawan. Ta samu gurbin Beyond Limits ta tsaya, a 2025 ta sake faɗuwa. Ita El-Kanemi, kofin da ta ci ya ba ta tikitin gasar CAF ta Confederation, aka fitar da ita tun zagayen farko a hannun Dadjè ta Benin. Akwai masu hawa su zauna, har su ci: Plateau United ta hau a 2015 ta ɗauki kofi a 2017, Kaiserslautern ta Jamus ta hau a 1997 ta ci gasa a 1998. Ana ba da labarinsu ne don ba su da yawa.

Ga ƙungiyar da ta fito daga bakin Kumadugu, hawa na nufin sabon lissafi. Galibin ƙungiyoyin Super Ligue a Yamai suke. A ce takwas ne a wata kaka, kuma kowane wasa da tafiyarsa: takwas sau 2,700 ya haura kilomita 21,000, ban da zuwa Arlit ko Tawa ko Maraɗi. Kowace ta Yamai kuwa sau ɗaya za ta zo Diffa. Ana iya rage wannan in masu tsara jadawali suka haɗa wa baƙo wasa biyu a tafiya ɗaya, ko hukuma ta ɗauki kuɗin mota gwargwadon nisa maimakon a ba kowa daidai wa daida. Hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, na da murya a sama yanzu, tun da shugabanta, Kanar-Manjo Djibrilla Hima Hamidou, wanda kowa ke kira Pele, ya shiga majalisar FIFA a watan Maris 2025. Kafin a samu wannan sauƙi, duk shugaban ƙungiyar da ke shirin kakar rukuni na biyu a Diffa yana bukatar kasafi biyu a aljihu: na shekarar da zai nemi hawa, da na shekarar da za ta biyo baya in Allah ya ba shi.